Haƙorin Hankali da Ya Maƙale da Tallan "Gyara Ba Zafi": Bayani ga Mazauna Suleja

Ciwon yakan fara ne a can ƙuryar baki, bayan turmi na ƙarshe, inda harshe ke kaiwa da ƙyar. Dasashi ya kumbura, tauna ta gagara, wani lokaci baki ya ƙi buɗuwa fiye da faɗin yatsu biyu. Mai ciwon, wanda galibi saurayi ne ko budurwa, sai ya nufi kemis ya sayi maganin kashe zafi, ko ya danna kanumfari a wurin. Bayan kwana uku abin ya lafa, bayan wata biyu ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Sau da yawa wannan shi ne labarin haƙorin hankali da ya rasa hanyar fitowa.

Mazaunin Suleja yana zaune ne tsakanin kasuwa biyu a wannan sha'ani. Garin da ya ba wa babban birnin tarayya sunansa na Abuja a 1976 shi ne masaukin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa da ke sammako ta Madalla da Zuba suna shiga birnin kullum. A wayarsu suna ganin tallan asibitocin haƙori masu ƙyalƙyali a Instagram da TikTok, ana alkawarin farin haƙori cikin sa'a ɗaya ba tare da zafi ba. A unguwa kuma, kamar a sauran garuruwan Arewa, ba a rasa mai ruwan kwalba da ke cewa zai fitar da tsutsar haƙori nan take. Duka biyun tsoro ɗaya suke ci da shi, wato tsoron kujerar likita.

Mene ne haƙorin hankali?

Baligi mai cikakken baki yana da haƙora 32. Huɗu na ƙarshe, biyu a sama biyu a ƙasa, su ne turame na uku, kuma su ne auta wajen fitowa, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25, ko da yake a wasu mutane sukan riga wannan lokaci. Larabawa da Turawa duk sun danganta su da hankali saboda suna zuwa ne bayan ƙuruciya ta wuce. Akwai waɗanda Allah bai halitta musu su ba kwata-kwata, akwai masu ɗaya ko biyu, kuma babu illa a cikin haka.

Matsalar ita ce ta gurbi. Kafin autan ya iso, sauran haƙora 28 sun riga sun kama wurinsu. Idan muƙamuƙi bai da sauran fili, sai haƙorin ya tokare da na gabansa, ko ya tsaya cikin ƙashi, ko ya leƙo rabi ya tsaya. Wannan shi ake kira maƙalewa, kuma ta fi yawa a muƙamuƙin ƙasa. Tun a 1926 wani likita Ba'amurke, George Winter, ya rarraba maƙalewar bisa yadda haƙorin ya karkata: wanda ya sunkuya gaba ya jingina da maƙwabcinsa, wanda shi ne aka fi gani, wanda ya kwanta a gicciye, wanda ya karkata baya, da wanda ya tsaya a miƙe amma ya kasa ɓullowa. Har yau likitoci na amfani da wannan rabo, domin shi ke nuna musu wuyar aikin da ke gabansu.

Wanda ya leƙo rabi shi ya fi fitina. Wata 'yar fatar dasashi takan rufe bayansa kamar murfi, guntun tuwo da zaren nama su shige ƙarƙashinta, inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa. Ƙwayoyin cuta su samu mazauni, wurin ya kumbura, ya yi mugunya, baki ya soma wari. Turmin sama kuma yana dukan kumburin duk lokacin da aka rufe baki. Ban da wannan, haƙorin da ya jingina da na gabansa yakan jawo wa maƙwabcin kogo a daidai wurin da suka haɗu, ta yadda mai jinkiri kan yi asarar haƙori biyu maimakon ɗaya. A wasu lokuta ƙalilan wata jaka mai ruwa takan tsiro a kewayen haƙorin da ke binne, ta riƙa cin ƙashi a hankali ba tare da wani ciwo ba.

Dole ne a cire?

A'a. A shekarar 2000 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ba da shawarar a daina cire haƙorin hankali da ya maƙale matuƙar bai kawo wata cuta ba. A Amurka likitoci da yawa sun fi karkata ga cirewa da wuri, bisa hujjar cewa saiwar matashi ba ta gama nuna ba, ƙashinsa kuma ya fi saurin warkewa. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne dalilan da ba su da musu: kumburi mai maimaituwa ko mai tsanani, kogon da ba ya cikuwa, ƙurji, ɓarnar haƙorin kusa, ko jakar ruwan nan. Ga mai biya daga aljihunsa, ra'ayin Ingila ya fi kusa da halin da ake ciki. Haƙorin da ke kwance lafiya a bar shi, a riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci.

Ba a yanke wannan hukunci da ido. Sai an ɗauki hoton ƙashi, ko ƙarami na haƙori ɗaya, ko faffaɗan da ke nuna muƙamuƙi daga kunne zuwa kunne. Dalilin kuwa babba ne. A cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji zuwa leɓen ƙasa da haɓa, kuma saiwar haƙorin hankali takan zauna dab da ita, wani lokaci har ta rungume ta. A gefen ciki kuma jijiyar harshe ce ke wucewa. Idan aka taɓa ɗayansu, leɓe ko gefen harshe kan mutu na makonni ko watanni, a wasu ƙalilan har abada. Inda hoto ya nuna haɗarin ya yi yawa, akwai dabarar yanke kan haƙorin kaɗai a bar saiwar a wurinta. Duk wanda ya ɗauko awartaki zai cire irin wannan haƙori ba tare da ya ga hoto ba, caca yake yi da fuskar wani.

Ina gaskiyar "ba zafi"?

A nan tallan yana da gaskiya fiye da yadda mutane ke zato, kuma tarihin abin daga wajen masu haƙori ya faro. Horace Wells, likitan haƙori a garin Hartford na Amurka, shi ya sa aka cire masa haƙori a 1844 bayan ya shaƙi iskar da ake kira mai sa dariya. A 1846 William Morton, shi ma likitan haƙori, ya nuna aikin sinadarin ita a bainar likitoci a Boston. Maganin da aka fi yin allurar kashe wuri da shi a yau, lidoken, masanin sinadarai Nils Löfgren ne ya haɗa shi a Suwidin a 1943. Yanzu kafin allurar ma akan shafa wani mai a dasashi don rage jin tsinin.

Idan allurar ta kama, mai jinya zai ji ana dannawa, ana girgizawa, zai ji ƙarar injin, amma ba zai ji zafin yanka ba. In ya ji, haƙƙinsa ne ya ɗaga hannu a ƙara masa. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: allurar ba ta kamawa sosai a naman da ya kumbura ya yi mugunya. Yawancin labaran azaba da ake ji a majalisa na mutanen da suka jure wata da watanni ne, sai da kunci ya yi suntum sannan suka je. Zuwa da wuri shi ne rabin maganin zafin.

Aikin kansa yakan ɗauki daga 'yan mintoci zuwa kusan sa'a ɗaya. A tsaga dasashi, a ɗan rage ƙashi idan ya rufe haƙorin, a raba haƙorin gida biyu ko uku a fitar, a ɗinke. Wajibi ne tun kafin a fara mai jinya ya faɗi idan yana da hawan jini, ciwon suga, sikila, juna biyu, ko yana shan maganin tsinka jini. Babu ɗayansu da ke hana magani, amma kowanne yana canza shiri. Maganar da ake yaɗawa cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido ba ta da tushe.

Bayan an cire

Zafi na gaskiya yana zuwa ne bayan allura ta sake, kuma kumburi kan kai ƙarshensa a rana ta biyu zuwa ta uku kafin ya fara sauka. Duk kulawar kwanakin nan manufarta ɗaya ce: kare gudan jinin da ya daskare a ramin, domin shi ne rufin da ƙashi ke warkewa a ƙarƙashinsa. A cije audugar da aka sa na kamar rabin sa'a. A ranar farko ba kuskure baki, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar lemo da tsinke. Daga rana ta biyu a riƙa kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Koko da kunun da suka huce, fate, da tuwo mai laushi sun wadatar. Tsire, kilishi, rake da goro su jira. Sigari da shisha su ne manyan abokan gaba. Idan gudan jinin ya fita, ƙashi ya bayyana, sai a ji wani ciwo mai harbawa har kunne bayan kwana biyu zuwa huɗu. Maganinsa komawa asibiti a wanke ramin a sa masa magani, ba ƙarin ƙwayoyi daga kemis ba.

Gyaran ado: rashin zafi ba rashin illa ba ne

Mafi sauƙi kuma mafi amfani shi ne wankin haƙori da injin mai girgiza, wanda ke karya dattin da ya ƙanƙare kamar dutse a gindin haƙora, ya kuma share tabon goro, shayi da taba. Masu cewa wanki yana kwance haƙori sun juya labarin: dattin ne ya riga ya cinye dasashi da ƙashi, wankin ya tona abin da ke ɓoye.

Farar da haƙori kuwa da sinadarin haidurojin feroksaid ake yi, wanda ke ratsa ɓawon haƙori ya kashe launi. Ba ya buƙatar allura, amma tsamin haƙori na 'yan kwanaki abu ne da aka saba gani, kuma idan ya zuba a dasashi yana ƙonawa. Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a kai tsaye duk wanda ƙarfinsa ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari, ta kuma tsayar da iyakar na ado a hannun likita a kashi 6. Wanda ya sayi kwalba mara takarda a intanet bai san ko nawa ke ciki ba. Sinadarin ba ya canza launin ciko ko haƙorin roba, kuma yana wahala a kan tabon da ya samo asali daga ciki, kamar na yawan fuloraid a ruwan sha ko na maganin tetirasaikilin da aka sha a ƙuruciya. Gawayi, toka da ruwan lemun tsami kankare ɓawon suke yi, ɓawon haƙori kuwa ba ya sake tsirowa.

Wannan gaskiya ta ƙarshe ita ce ya kamata mai son fallen tangaran, da ake mannawa a fuskar haƙoran gaba, ya riƙe. Galibi sai an fere kimanin rabin milimita na ɓawon kafin a manna, kuma daga ranar haƙorin ba zai sake zama tsirara ba. In fallen ya tsufa sai a sake wani. Haka abin yake ga wushiryar da ake yankawa da gangan. Ado a haƙori ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, haƙorin Makka shaida ne, sai dai shi ma in bai zauna daidai ba abinci kan taru a ƙarƙashinsa. Wayar haƙori da 'yan mata ke sawa don gayu a shagon kwalliya tana jan haƙora ne da gaske, ko an so ko ba a so. Dashen haƙori da ƙusar taitaniyam, wanda Per-Ingvar Brånemark ya fara yi wa mutum a Suwidin a 1965, magani ne mai kyau ga giɓi, amma yana son lafiyayyen ƙashi da watannin jira. Likita na gari ba ya fara ado a bakin da ke da kogo ko dasashi mai jini.

Ina za a je, wa za a yarda da shi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki. A Najeriya makarantar koyon likitancin haƙori ta farko ta buɗe ne a Jami'ar Legas a 1966, kuma har yanzu likitocin sun fi taruwa a manyan birane. Ta wannan fuska Suleja ta yi sa'ar maƙwabta. Bayan dubawar farko a Babban Asibitin Suleja ko wani asibiti mai rajista, aikin da ya yi nauyi ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja, waɗanda ke da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, tafiyar da ta fi zuwa Minna ko Bida kusa.

Hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, tana kuma sabunta musu lasisi duk shekara. Tambayar ganin lasisin ba rashin kunya ba ce. Masu taimaka wa likita wajen wanki da masu ƙera haƙorin roba suna da nasu hukumomin da iyakar aikinsu, kuma tiyatar haƙorin da ya maƙale ba ta cikin wannan iyaka. A lura ko kayan aiki daga rufaffiyar leda aka fito da su, domin ciwon hanta da ƙanjamau na bin ƙarfen da ba a dafa ba. A nemi jimillar kuɗi, har da na hoto da magani, kafin a zauna. Masu inshorar NHIA ko ta jiha su tambayi abin da tsarinsu ya ɗauka, domin gyaran ado galibi ba ya ciki.

Akwai kuma alamun da ba sa jiran gari ya waye. Kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, zazzaɓi mai zafi, kasa haɗiyar yawu, harshe ya ɗago, ko numfashi ya fara wuya: waɗannan na nuna cutar ta bar haƙori ta shiga naman wuya, yanayin da likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ya bayyana a 1836, wanda ke iya toshe maƙogwaro cikin sa'o'i. Mai irin wannan a wuce da shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.