Hular Soja ta Iganmu

Duk wanda ya bi ta gadar Eko a Legas zai hango wani makeken gini a fadamar Iganmu, mai kama da hular soja. Shi ne Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa. An ɗora harsashinsa a zamanin Janar Gowon, lokacin da kuɗin mai ke kwarara, aka kammala a 1976 a mulkin Janar Obasanjo. Kamfanin Technoexportstroy na Bulgeriya ya gina shi, bisa fasalin wani zauren wasanni da ke birnin Varna.

Don FESTAC aka yi shi, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka gudanar daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Mu 'yan Arewa hawan dabar Kaduna muka fi tunawa, amma a nan cibiyar bikin take. A lokacin, babban zauren ginin yana cin mutum 5,000, ga ƙananan zaurukan silima inda daga baya jama'a suka riƙa yin dafifi don kallon finafinan Hubert Ogunde. Ni gilasai masu launi da Yusuf Grillo ya ƙawata ginin da su sun fi ɗaukar hankalina, in rana ta ratso su ta zuba shuɗi a daɓe.

Daga baya sai aka yi watsi da ginin. Rufi ya riƙa yoyo, na'urorin sanyaya wuri suka mutu, babban zauren ya shafe shekaru a garƙame. 'Yan wasa suka koma gindin bishiyoyin harabar, wurin da ake kira Abe Igi, suna atisaye da hira a can. Da gwamnati ta so sayar da ginin, su ɗin ne suka yi tsayin daka. Ina ganin da ba don su ba, da tuni ya zama kanti.

A 2020 aka miƙa gyaransa ga Babban Bankin Najeriya da Kwamitin Shugabannin Bankuna. A 2024 Shugaba Tinubu ya raɗa masa sunan Wole Soyinka, aka sake buɗe shi ranar 1 ga Oktoban 2025. Ga tashar jirgin ƙasa a bakin ƙofarsa.

Gyaran ya faranta min rai. Abin da ke damuna shi ne kuɗin haya. In taron kamfanoni da bikin masu hannu da shuni kaɗai za su iya kama zauren, ƙaramar ƙungiyar wasa daga Agege ko Zariya za ta sake komawa gindin bishiya.