Daga Alƙalamin Gamba Zuwa Layin Kwamfuta

Duk wanda ya daɗe yana aikin zane a shagon kwamfuta, ko a Gummi ne ko Anka ko Bukkuyum, ya san wannan buƙata: mutum ya shigo da takarda a naɗe, an zana tambarin makarantar Islamiyya ko na ƙungiyar manoma da biro, ya ce, "A sa mini shi a kwamfuta." Hanya biyu ce a gaban mai shago. Ko ya ɗauki hoton takardar ya manna ta yadda take, ko ya zauna ya sake gina zanen layi bayan layi, har ya zama abin da muke kira bekta, wanda za a iya bugawa ƙarami a kan hatimi ko babba a kan banar da ta rufe gaban gida ba tare da ya dusashe ba. Jama'a na ɗaukar hanya ta biyu a matsayin kwafi kawai. Tarihin sana'ar ya nuna cewa zane ne na biyu, kuma ba ya yin kyau sai a hannun wanda ya san yadda aka gina na farkon. A kan wannan ne makomar zanen Hausa a cikin kwamfuta ta rataya.

Bambancin hoto da bekta shi ne tushen maganar. Hoto tarin ɗigo-ɗigo ne masu launi, in ka ja shi ya girma sai ɗigon su bayyana, gefen layi ya yi kamar haƙoran zarto. Bekta kuwa umarni ne: fara daga nan, lanƙwasa kaza, tsaya a can. Tunda lissafi ne, girma ba ya ɓata shi. Asalin dabarar lanƙwasa layin daga masana'antar motoci ta Faransa ta fito. Paul de Casteljau ya fitar da lissafinta a kamfanin Citroën a 1959, Pierre Bézier na kamfanin Renault ya yaɗa ta a shekarun 1960, kuma matsalar da suke son warwarewa ita ce yadda za a miƙa wa inji lanƙwasar jikin mota wadda mai zane ya ja da hannu. Ke nan tun ranar farko an ƙirƙiri wannan dabara ce don ta ɗauki layin hannu ta kai shi inda hannu ba ya kaiwa. Daga baya kamfanin Adobe ya fito da PostScript a 1984 da Illustrator a 1987, sannan CorelDRAW ta fito daga Ottawa ta ƙasar Kanada a 1989. Wannan ta ƙarshe ce ta kama kasuwar Nijeriya, har yau a madaba'u abin da za a fara tambayarka shi ne, "Kana da shi a Korel?"

Kafin duk wannan, ƙasar Hausa tana da nata tsarin miƙa layi daga hannu zuwa hannu. Aikin babbar riga ya rabu biyu tun da can: akwai mai zane, wanda sau da yawa malami ne ko almajirin da hannunsa ya faɗa da alƙalami, shi ke shimfiɗa aska biyu ko aska takwas a kan ƙyalle da tawada, sannan mai ɗinki ya bi sawun da allura. Haka hula take har gobe, mata na karɓo ta da zanenta su cika. Magini yana ja da yatsa ko da ɗan ƙarfe a kan ɗanyen yaɓe, a gadon da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya ɗaukaka. Mai zayyana yana raba allon sauka da layuka kafin ya zuba ja da ruwan ɗorawa da kore. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara irin waɗannan ayyuka ya baje kolinsu a Landan a 1976. Duk wanda ya dubi wannan gado zai ga abu ɗaya: zanen Hausa zanen layi ne, da'ira da kusurwa da igiyar da ke sarƙe kanta, ba zanen inuwa da fuska ba. Babu irin zanen da ya dace da bekta kamarsa.

Ƙetarawa ta farko daga hannu zuwa inji ta zo ne ta madaba'a. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, zanen hannu ya riƙa shiga littattafan karatu. A Kano kuma aka bi wata hanya mai hikima: maimakon a tsara Alƙur'ani da haruffan dalma waɗanda idon alaramma bai saba da su ba, sai a ɗauki hoton rubutun gwanin marubuci a buga shi yadda yake. Ta haka hannun Sharif Bala Gabari ya shiga tsangayu da gidaje a faɗin Arewa. Daga tsakiyar shekarun 1980, littattafan adabin kasuwar Kano suka buɗe wa masu zanen bango kasuwa, kamar yadda allunan shaguna da bayan manyan motoci suka riƙe masu fenti. A duk wannan zamani inji yana maimaita hannu ne kawai. Amana ce, amma tana da iyaka, domin abin da aka ɗauka a hoto ba ya gyaruwa, ba ya rabuwa gaɓa-gaɓa, kuma kowane bugu daga tsohon bugu yana ƙara cinye layin.

Kwamfuta ta iso yankinmu a daidai lokacin da buƙata ta taso. An ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, sababbin ma'aikatu da makarantu da masarautu suna neman tambari da kan takarda, sannan dawowar siyasa a 1999 ta kawo ruwan fastoci, daga baya manyan injinan bana suka biyo. Masu fentin allo da yawa suka rasa aiki, waɗanda suka koyi linzamin kwamfuta kuwa suka zama gwanayen farko, domin sun zo da idon da ya san nauyin layi. Matsalar ta fara ne da aka sami masu shago da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Dagin Arewa, wanda ya zama alamar yankin tun zamanin Sardauna, ya isa misali. Kowace igiya a cikinsa ba ta da farko ba ta da ƙarshe, a kowace mahaɗa tana hawa sau ɗaya ta nutse sau ɗaya. Wanda ya san haka zai ja kowace igiya gaba ɗaya a kwamfuta, ya ba ta kauri iri ɗaya, sannan ya bi mahaɗa-mahaɗa yana yanke wadda ke ƙasa. Wanda bai sani ba zai bi gefen baƙin da ya gani, sai ka tarar igiya ta hau sau biyu a jere, ko ta mutu a kusurwa. Irin wannan gurgun dagi ya cika banoni, kuma da fayil ɗaya ya lalace, shaguna ɗari ne za su gaje shi.

Akwai shaidar abin da ake samu in an yi aikin bisa ƙa'ida. A 2017 cibiyar SIL ta fitar da samfurin haruffan kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka gina a kan rubutun Kano na hannu, irin na littattafan da ake sayarwa a bakin masallatai. Kowane harafi a cikinsa bekta ne. Ba a same shi da danna maɓalli ba, sai da aka nazarci yadda fiƙar alƙalamin gamba ke sa layi ya yi kauri a nan ya sirance a can, da yadda harafi ke kama ɗan'uwansa. Sakamakon shi ne yau ana iya rubuta ajami a kwamfuta da hannun da almajiri ya sani. Abin lura shi ne daga waje aka zo aka yi wannan aiki, alhali masu hannun suna nan tare da mu a tsangayun Anka da Gummi.

Wani zai ce wannan wahala ta wuce zamani, tunda manhaja na bin sawun zane da kanta, yanzu ma ga fasahar ƙirƙirarriyar basira a cikin waya. Bin sawu na atomatik ba sabo ba ne: Adobe ta fito da Streamline a 1989, Peter Selinger ya rubuta Potrace a 2001, Korel ta sa PowerTRACE a 2006. Suna da amfani, kuma suna ƙara ƙwarewa. Amma suna bin abin da ke kan takarda ne, ba abin da mai zane ya nufa ba. Inda tawada ta malala, ko hannun tsoho ya yi rawa, ko naɗin takarda ya bar sawu, duk sai su mai da shi layi, su zuba ɗaruruwan gaɓoɓi inda huɗu sun isa. Ranar da aka kai fayil ɗin ga injin yanka sitika, wuƙarsa za ta yi ta kakkarwa, injin surfani kuma yana buƙatar a faɗa masa ta ina zare zai kwanta, abin da babu shi a cikin hoto. Rarrabe kuskuren hannu da salon hannu hukunci ne, kuma mai hukuncin sai ya san gidan da zanen ya fito.

Suka ta biyu ta fi nauyi: cewa duk zanen da aka sa a kwamfuta an cire abinci ne daga bakin mai hannu. Gaskiya ne injin surfani na kwamfuta yana gama cikin sa'o'i abin da mai allura ke shafe makonni a kai, kuma ya karya farashi. Gaskiya ne kuma fayil ba shi da ƙofa, ana tura shi ta WhatsApp babu sunan mai shi. Sai dai ƙin shiga bai hana injin zuwa ba, abin da ya jawo shi ne injinan suna ɗinka zanen da aka kwaso daga wasu ƙasashe, ko namu da aka gurɓata. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ladabin sana'a: a biya mai zanen asali kamar yadda mai riga ya saba biyansa kafin ya kai wa maɗinki, a rubuta sunansa da garinsa a cikin fayil, a kuma daina sayar da aikin inji da sunan na hannu. Rigar hannu tana da masu nemanta da tsadarta, ba inji ne zai kashe ta ba, sai dai rashin bambancewa.

Suka ta uku daga gida take: yankin da ke fama da 'yan bindiga da ƙarancin wuta, ina shi ina zancen lanƙwasar layi? Amsar tana cikin tambayar. Ƙauyen da ya watse, bangonsa mai zane damina biyu ta ishe shi, kuma tsohon da ya yi hijira zuwa cikin gari ba ya tafiya da komai sai abin da ke kansa. Zanen da aka mayar bekta bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, kuma manhajar Inkscape, wadda ke nan tun 2003, kyauta ce, tsohuwar kwamfuta da faifan sola ɗaya sun ɗauke ta. Amfanin bai tsaya ga ado ba. Annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma, ta nuna yadda rai ke rataya a kan saƙon da zai isa ga uwar da ba ta karanta boko. Zanen turmi da tsakar gida da ɗan gari ya yi, aka tsabtace shi ya bugu a takarda da bango, ya fi hoton baƙon wuri saurin shiga ido.

Tsarin da kakanninmu suka bari, mai zane a gaba mai cikawa a baya, shi ne har yanzu tsarin da ya dace, kujera ɗaya ce kawai ta ƙaru. Yaron da ake koya wa Korel a Gummi ko Bukkuyum ya kamata ya fara da wata guda a gaban mai zanen hula ko mai zayyana, ya ja dagi da alƙalami har igiyarsa ta daina ɓata masa, kafin a ba shi linzami. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma masu hannun da za a koya daga gare su ba ƙaruwa suke yi ba.