Yadda Inshorar Talakawan Amurka Ta Shiga Aikin Hana Harbe-harbe

Da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kafa Medicaid a 1965, manufar ita ce a biya wa marasa ƙarfi kuɗin likita da asibiti. A lokacin, harbin bindiga sha'anin 'yan sanda da kotu ne. Likitocin tiyata na manyan birane suna cikin waɗanda suka sauya wannan tunani, domin sun lura saurayin da suka ɗinke bana, sau da yawa shi ake sake kawowa baɗi, ko a kawo wanda ya je ya rama a kansa. A 1994 ƙungiyar Youth ALIVE! ta fara tura 'yan unguwa bakin gadon asibiti a Oakland, su zauna da wanda aka harba kafin zuciya ta kai shi ga ramuwa. A 2000 Gary Slutkin, likitan annoba da ya yi aiki a Somaliya, ya fara CeaseFire a Chicago, inda masu shiga tsakani ke kashe rigima tun tana baki.

Shekara da shekaru aikin yana rayuwa ne a kan tallafin wucin gadi, in ya ƙare ma'aikata su watse, amanar da suka gina a unguwa ta tafi da su. Faɗaɗa Medicaid da aka fara a 2014 ya shigar da samari marasa 'ya'ya, waɗanda harsashi ya fi ci. A 2021 ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙiyasta cewa jinyar farko ta raunin bindiga na cin sama da dala biliyan 1 a shekara, fiye da kashi 60 cikin ɗari daga inshorar gwamnati. Tunda asusun ne ke biyan ɓarna, hankali ya ce ya sa hannu a rigakafi. Jihohin Connecticut da Illinois suka buɗe ƙofar biyan kuɗin wannan aiki daga Medicaid a 2021, California da Maryland suka biyo a 2022.

Masu suka suna da hujja. Binciken da aka yi kan shirin Safe Streets na Baltimore ya nuna raguwar kisa a wasu unguwanni, a wasu bai nuna ba. Kuma Medicaid na biyan hidimar da aka yi wa majinyaci mai rajista ne, ba ta biyan daren da mai sulhu ya raba a bakin titi. Duk da haka, shirin da ma'aikatansa ke sauyawa kowace shekara ba ya aunuwa da kyau, don haka rashin tabbacin kuɗi na cikin dalilan rashin tabbacin sakamako. A Afrilun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta soke ɗaruruwan tallafi, har da na irin waɗannan shirye-shirye. Tallafi da wasiƙa guda ake janye shi, amma hidimar da majalisar jiha ta sa a doka sai an koma majalisa kafin a cire ta.