Yadda Alƙalamin Malaman Farko Ya Cije, Da Yadda Ya Sake

Duk wanda ya fita ajin Yaƙi da Jahilci ya san ranar da aka fara ce masa ya rubuta wasiƙa da kansa. Ga takarda, ga alƙalami, ga magana cike da ciki, amma hannu ya ƙi motsi. To, irin wannan abu ya taɓa samun manyan malaman ƙasar nan, sa'ad da aka nemi su rubuta littattafan hira na farko cikin Hausa. Ga yadda abin ya faru.

A cikin 1933 akwai wani Bature a Zariya, sunansa Dokta R. M. East, shi ne shugaban Hukumar Fassara, wadda daga baya aka mayar da ita Hukumar Talifi. Aikin hukumar a lokacin shi ne juya littattafai daga Larabci da Turanci zuwa Hausa, kamar Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. East ya duba ya ga makarantu suna ta yaye yara masu iya karatun boko, amma in sun fita ba su da abin karantawa don nishaɗi, kuma karatun da ba a taɓa shi gudu ya ke yi. Saboda haka ya sa gasa. Ya zaga manyan garuruwan Arewa, ya tara masu ilmi, ya roƙe su kowa ya ƙago labari daga kansa, mai tsawon kalmomi wajen 20,000.

Nan fa ake yin ta. Shi kansa East ya ba da labarin wahalar da ya sha cikin wata maƙala da ya buga a 1936, inda ya nuna cewa aikin farko shi ne ya shawo kan malamai su yarda abin ya cancanci a yi shi. Kada mai karatu ya zaci rashin ilmi ne ya tsai da su. Ƙasar Hausa ta daɗe da alƙalami. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello sun bar littattafai masu yawa cikin Larabci, Nana Asma'u kuwa ta yi waƙoƙi har da na Hausa. Sai dai duk wannan rubutu na addini ne, ko na shari'a, ko tarihi, ko wa'azi. Tawada abar girmamawa ce, da ita a ke rubuta sunan Allah. Labarin da bai faru ba kuwa sunansa tatsuniya, ita ko tatsuniya ta tsofaffin mata ce da yara, da dare a ke yin ta, a tsakar gida. Yaya malami mai rawani, wanda a ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa, zai zauna da rana tsaka ya rubuta abin da ya san ƙarya ne, har ya sa sunansa a kai? Ni a ganina wannan kunya ita ce ta fi kome danne musu hannu.

Bayan kunya kuma sai rashin abin koyi. Mai son gina soro ya taɓa ganin soro, amma waɗannan bayin Allah an ce su gina abin da ba wanda ya taɓa gina irinsa cikin harshensu. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ta wuce shafi biyu ko uku, ina za a samo labari guda wanda zai ja har shafi arba'in bai tsinke ba? Ga shi ko ƙa'idar rubutun boko ba ta gama zama ba, don ƙamus ɗin Bargery ma sai a 1934 ya fito.

Duk da haka aka sami waɗanda suka ƙetare. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri, aka fara buga su a 1934: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

In mutum ya ajiye uku na farkon nan gaba ɗaya ya duba, zai ga wata dabara guda da suka yi tarayya a kanta. Ba wanda ya fito da bakinsa ya ce ga abin da ya faru. Kowannensu ya samo wani mutum ya zaunar da shi gaban jama'a, ya sa shi ya ba da labarin kansa. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne ke ba da labarin yawonsa. Ganɗoki tsohon mayaƙi ne yana yi wa yara hira. Shaihu Umar kuwa malami ne, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya buɗe baki. Da wannan dabara marubuci ya huta ta fuska biyu. In akwai ƙarya, ba shi ya yi ta ba, mai ba da labari ne. Sa'an nan kuma aikin ya koma abin da Bahaushe ya gwanance da shi tun kaka da kakanni, watau hira a zaure. Wanda ya kasa rubuta littafi ai ba ya kasa rubuta abin da ya ji wani tsoho yana faɗi, ko da tsohon nan a cikin kansa ya ke zaune.

Bayan wannan sai kowa ya ɗebi ruwa a rijiyar da ta fi kusa da shi. Malam Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, yana yaro Turawa suka ci Kwantagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Sai ya fara da yaƙin da ya tashi yana jin labarinsa a bakin waɗanda suka yi shi, ya sa Ganɗoki cikin mayaƙan. Da tarihi ya ƙare masa, ya riga ya yi zafi, sai ya saki linzami, ya kai jaruminsa ƙasashen aljannu. Mai karatu zai lura littafin kamar rabi biyu ne aka ɗinke, kuma ɗinkin yana nunawa. Ban ga laifinsa ba, gama rabin farkon ne ya ba shi ƙarfin zuciyar yin na biyun.

Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da shekara 21 kacal, sabon fita daga Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Midil ta Bauci. Shi bai shiga aljannu ba ko kaɗan. Ya ɗauki zamanin bauta, wanda a lokacin akwai tsofaffi da yawa da suka gan shi da idonsu, ya ba da labarin yaron da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema har wahala ta kashe ta. Ya kuma sa labarin a bakin malami mai tsoron Allah, yadda ba mai cewa wasan yara ne. Cikin biyar ɗin, wannan ne ya fi kama da abin da ya faru da gaske.

Na Malam Abubakar Imam ya fi ban sha'awa, don shi da kansa ya faɗi inda ya samo bakin zaren. An haife shi a Kagara a 1911, yana koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da gasar ta zo. Ɗan gidan malamai ne, ya san Maƙamatul Hariri, littafin nan na Larabci da a ke karantawa a zaurukanmu, inda Abu Zaidu da Harisu ke ta haɗuwa gari gari, wayo na bin wayo. Sai ya ɗauki wannan gini, ya zuba masa mutanen ƙasar Hausa: Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa na neman ya kā da ɗan'uwansa. Amfanin wannan tsari ga wanda alƙalaminsa ke cijewa a fili ya ke. Ba sai ya san dogon labari tun daga fari har ƙarshe ba. Ya isa ya san abin da zai faru a gari guda. In ya gama, sai ya ɗora wa mutanensa kaya su kama hanya, su sake karo a gari na gaba, neman ruwan nan kuwa yana riƙe da su duka kamar igiyar tasbaha. Aron da ya yi daga littattafan wasu bai ɓoyu ga East ba, ya kuwa yi masa magana a kai, amma ya gane ya sami mai hannu.

Saboda haka a 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya. East ya tara masa littattafan labarun Larabawa da na Turawa da na Indiya, ya ce ya karanta ya mai da su Hausawa. Cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, aka buga su daga 1937 zuwa 1939. A nan ma bai bar tsohuwar dabararsa ba, sai dai wannan karon aku ya zaunar ya ba shi bakin magana.

Sauran ba su daɗe a wannan fage ba. Malam Bello Kagara ya koma ga tarihi, ya rubuta labarin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa siyasa ta ɗauke shi, ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, aka kashe shi a watan Janairu na 1966 bai sake rubuta wani littafin hira ba. An juya Shaihu Umar zuwa Turanci a 1967, aka yi fim ɗinsa a 1976. Imam kuwa tun Janairu na 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda ranar buga jarida ba ta jiran alƙalamin kowa ya sake.