Brown ale: giyar Ingila mai launin ƙasa-ƙasa

Brown ale wani nau'in giya ne da ya samo asali a Ingila. Launinta ya kama daga na zuma mai duhu zuwa na gasasshen kofi. Ana yin ta da abubuwa huɗu: ruwa, tsiron sha'ir, yis, da furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hops, wanda ke ba ta ɗaci. A ido tana kama da lemun malta da ake saidawa a kantuna, amma barasa ce mai sa maye.

Inda launin yake fitowa

Ana jiƙa sha'ir har ya fara tsira, kamar yadda masu burkutu ke yi da dawa, sannan a busar da shi a wuta. Gwargwadon gashin da ya sha, gwargwadon duhun giyar da ƙamshinta. Saboda haka launi ba ya nuna ƙarfin barasa: ana samun mai duhu ƙwarai da ba ta kai mai haske ƙarfi ba. Yis ɗin da ake amfani da shi yana aiki ne da ɗumi, yana tasowa saman ruwan, saɓanin na giyar lager da ke buƙatar sanyi.

Tarihi

Tun ƙarshen ƙarni na 17 masu giya a Landan ke amfani da wannan suna. A wajajen 1800 ta kusan ɓacewa, bayan da kamfanoni suka gano cewa sha'ir da bai sha wuta sosai ba ya fi ba da sukari, wato ya fi riba. Sunan ya dawo a 1902, lokacin da kamfanin Mann, Crossman & Paulin na gabashin Landan ya fitar da Manns Brown Ale a kwalba. A 1927 kuma aka fara saida Newcastle Brown Ale, wadda Jim Porter ya haɗa, ita ce ta fi kowace shahara a duniya.

Kudu da arewa

Masu kwatanta wannan giya kan raba ta gida biyu. Ta kudu, irin ta Landan, ta fi duhu da zaƙi, ɗacinta kaɗan ne, ƙarfinta ma haka: Manns na da kashi 2,8 cikin 100 na barasa. Ta arewa ta fi haske, launinta ya karkata ga ja, zaƙinta bai kai na kudu ba, tana ƙamshi irin na soyayyar gyaɗa. Newcastle Brown Ale da Double Maxim, wadda ta samo asali a Sunderland, kowace na da kashi 4,7. Nut Brown Ale ta kamfanin Samuel Smith da ke Tadcaster a yankin Yorkshire tana da kashi 5. Amurkawa suna da tasu tun shekarun 1980, wadda suke ƙara wa hops, don haka ta fi ɗaci.

Yadda ake kwatanta su

A gasar giya alƙalai kan duba launi da kumfa, su shinshina, sannan su ɗanɗana, suna farawa da mara ƙarfi. Ba a sanyaya ta ƙarara, domin sanyi mai yawa na kashe ƙamshi. Ana barin ta a wajajen digiri 12. Abin da ake nema shi ne ɗanɗanon sha'ir ya rinjayi ɗacin hops. Idan ƙauri ya yi yawa, ta shiga sahun porter ko stout, irin su Guinness. Tsami ko warin jiƙaƙƙen kwali kuwa alama ce ta lalacewa.

Manya da ƙananan kamfanoni

Labarin Newcastle Brown Ale ya nuna abin da ke faruwa idan suna ya fi ƙarfin garinsa. Tarayyar Turai ta taɓa ba ta kariya a matsayin hajar da ba a yi sai a Newcastle. A 2005 aka mayar da aikin Gateshead, a ƙetaren kogin Tyne, daga baya aka soke kariyar. Kamfanin Heineken ya mallaki sunan a 2008, aka koma Tadcaster a 2010, sannan aka kai wani ɓangare na aikin ƙasar Holan. Tauraro shuɗi mai tsini biyar na nan a kwalbar, amma masana'antar Newcastle ta rufe.

Ƙananan kamfanoni ne suka cike giɓin. Ƙungiyar CAMRA, da aka kafa a 1971, ta daɗe tana fafutukar kare giyar gargajiya daga mamayar manyan kamfanoni. A 2002 gwamnatin Birtaniya ta rage wa ƙananan masu giya haraji, abin da ya sa yawansu ya ƙaru sosai. Bayan rufe kamfanin Vaux na Sunderland a 1999, tsoffin shugabanninsa ne suka sayi sunan Double Maxim, kuma har yanzu ana yin ta a wata ƙaramar masana'anta kusa da garin.