Hukuncin Neman Diyyar Inshora Bayan Ambaliya Ta Ɓata Gida

Tambaya: Malam, ambaliya ta rushe katangar gidana, ta lalata kayan ɗaki. Gidan yana da inshora. Shin ya halatta in nemi diyya? Kuma yaya zan yi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya mayar maka da mafi alheri.

Ɗan'uwa, fara duba irin yarjejeniyar da ka shiga. Idan takaful ce, wadda mahalarta ke tara kuɗi da niyyar taimakon juna, to nemi haƙƙinka duka, halal ne. A Nijeriya hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013.

Idan kuwa inshorar kasuwanci ce, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda, a 1985, cewa haramun ce saboda garari mai yawa da ke cikinta. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Sheikh Mustafa Zarƙa ya halatta ta, amma mafi yawan malamai sun saɓa masa. A bisa fatawar masu hanawa, ka karɓi gwargwadon abin da ka zuba. Abin da ya ƙaru ka bai wa mabuƙata, sannan ka koma takaful.

Wajen neman diyya, karanta takardar ka tabbatar ambaliya tana cikin abin da aka lamunce, domin wasu yarjejeniyoyin gobara kawai suka ƙunsa. Sanar da kamfanin a rubuce kafin wa'adin da aka gindaya ya wuce. Ɗauki hotunan ɓarnar, ka rubuta jerin kayan da suka lalace, ka haɗa da rasit idan akwai. Kada ka zubar da kayan ko ka fara babban gyara kafin mai ƙiyasta asara ya zo, sai dai abin da zai hana ɓarnar ƙaruwa.

Ka ji tsoron Allah a lissafinka. Kada ka ƙara farashi, kada ka jingina wa ambaliya tsagewar bangon da ta riga ta. Wannan ha'inci ne, ko da kamfanin bai gane ba. A takaful ma laifin ya fi muni, domin kuɗin 'yan'uwanka ne za ka ci, kuma cikinsu akwai wanda gidansa ya fi naka rushewa.

Allah ne Mafi sani.