Tarihin Wani Riƙo: Yadda Hannu Biyu Suka Zama Ɗaya

Yau zan ba ka tarihin wani wasa da ba a yin sa a nan Tagidda. Sunansa golf, wasu kuma suna ce masa ƙwallon lambu. Ka yi haƙuri ka bi ni, don akwai abin da ya shafe ka a ciki.

Ga yadda wasan yake. Ana bugun wata ƴar ƙwallo mai tauri, kamar ƙwan zabo, da sanda mai lanƙwasasshen kai. Akwai ramuka 18 a cikin fili mai faɗi. Wanda ya jefa ƙwallonsa cikin dukkan ramukan da bugu mafi kaɗan, shi ne ya ci.

Asalin wasan daga ƙasar Sikotlan ne, arewa da Ingila. A shekarar 1457 sarkin ƙasar ya hana shi, don samari sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo. Amma hanin bai yi tasiri ba. Da Turawan Ingila suka kama Nijeriya, sai suka zo da wasan. An buɗe filinsa a Rayfield ta Jos a 1913, lokacin haƙar kuza. Akwai kuma filayensa a Kano da Kaduna.

A da can, ƴan wasa suna damƙar sandar ne cikin tafin hannu, kowane hannu da wurinsa, kusan yadda ake riƙon tabarya. To, illar wannan ita ce, hannun da ya fi ƙarfi yakan rinjayi ɗan'uwansa. Sai kan sandar ya karkace, ƙwallo ta bar hanya.

A 1870 aka haifi wani yaro a tsibirin Jersey, kusa da gaɓar Faransa. Sunansa Harry Vardon. Ɗan talaka ne, ubansa mai aikin lambu. Tun yana ƙarami yake ɗaukar wa masu kuɗi sandunansu a filin wasa, yana lura da hannuwansu. Shi da abokansa ba su da kuɗin sanda, sai su sassaƙa tasu daga itace. Da ya girma ya yi aikin lambu, kafin ya ƙetara Ingila ya mai da wasan sana'a.

Ga riƙon da ya shahara da shi, ga mai amfani da dama. Hannun hagu yana sama, yana riƙe da sandar a cikin yatsu. Babban yatsan hagu yana kwance a kan sandar. Tafin hannun dama ya rufe shi. Sa'an nan ƙaramin yatsan dama ya hau kan manunin hagu. Ka ga hannu biyu sun ɗinke, babu mai rinjayar wani. Kuma ba a matse sandar da ƙarfi, don matsewa tana sandarar da wuyan hannu, bugu ya mutu.

Gaskiya ita ce, ba Vardon ne ya fara wannan riƙo ba. Wani mutumin Sikotlan, Johnny Laidlay, ya riga shi. Amma a hannun Vardon duniya ta ga amfaninsa. Ya ci babbar gasar Birtaniya sau 6: a 1896, 1898, 1899, 1903, 1911 da 1914. Har yanzu ba wanda ya kamo shi. Ya kuma ci gasar Amurka a 1900.

Ka lura da tazarar da ke tsakanin 1903 da 1911. Tarin fuka ne ya kama shi, ya bar masa rawar hannu. Duk da haka ya koma fili, ya sake ci har sau biyu. Ya rasu a 1937. A Amurka akwai wata kyauta mai sunansa, siffarta hannu biyu ne riƙe da sanda. Yawancin manyan ƴan wasa har yau da riƙonsa suke bugu.

To, ina ruwanmu da wannan? A ajin yaƙi da jahilci na sha ganin dattijon da hannunsa ya saba da aikin gishiri. Ranar farko sai ya damƙe alƙalami kamar ƙotar gatari. Rubutu ya karkace, hannu ya gaji, kunya ta kama shi, gobe ba ya dawowa. Laifin ba na kansa ba ne, na riƙo ne.

Saboda haka, kai ma gwada. Sa alƙalami tsakanin babban yatsa da manuni, ya kwanta a kan na tsakiya. Sassauta. Ɗaya hannun kuma ya dafe takarda, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka gyara riƙo, sauran aikin zai zo da sauƙi.

Allah ya ba mu sa'a, amin.